Tambaya da Amsa: Yadda murhun ɗumama gida zai riƙa cinye hayaƙinsa

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowar duk a kan abu ɗaya suke: murhun itace na ɗumama gida, irin mai rufaffiyar ƙofa da bututun hayaƙi, da abin da maƙeransa ke kira ƙuna ta biyu, wato ƙona hayaƙin a cikin murhun kafin ya fita. Duk inda muka ce digiri a maganar zafi, na Salshiyos muke nufi.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi murhu da aka ce mini yana ƙona hayaƙinsa. Akwai bututai masu ƙananan huji a samansa ta ciki, amma ban taɓa ganin wuta ta fito daga cikinsu ba. Gilashin ƙofa kullum baƙi ƙirin, bututun waje kuma sai tuƙuƙi. Yaudara ce ko ni ne ban iya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba yaudara ba ce. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta fara kafa wa irin waɗannan murahu ƙa'ida a 1988, kuma daga 2020 ba a sayar da sabo a can sai ya ci gwajin giram 2 zuwa 2.5 na ƙurar hayaƙi a awa, alhali tsofaffi marasa wannan tsari kan fitar da giram 15 zuwa 30. Amma da busasshen itace ake yin gwajin, a hannun wanda ya san lokacin taɓa makullin iska.

Ka fara fahimtar abin da ke faruwa a ciki. Itace ba ya kamawa kai tsaye. Da farko ruwan jikinsa ne ke fita a digiri 100. Daga wajen digiri 250 zuwa sama sai naman itacen ya fara rushewa yana sakin iskar gas da tururin kwalta, wato abin da ido ke gani a matsayin hayaƙi. Abin da ya saura shi ne gawayi. Fiye da rabin zafin da ke cikin itace a wannan gas yake, ba a gawayin ba. Ka kunna kyandir ka hure shi, ka kai ashana mai ci kan siririn hayaƙin da ke tashi, za ka ga wutar ta bi hayaƙin ta koma kan lagwani. To aikin bututan nan naka ke nan: su feso iska mai zafi cikin hayaƙin kafin ya tsere.

Sai dai hayaƙin ba ya kamawa sai saman ɗakin wuta ya kai kimanin digiri 600. Ƙasa da haka, ko iskar duniya ka tura masa, sanyaya shi kawai za ta yi. A nan yawancin mutane ke faɗuwa: suna ganin wuta ta kama sai su rage iska don itace ya daɗe, sauri ya haifi nawa.

Ka jera manyan faskare uku ko huɗu a ƙasa, matsakaita a gicciye a kansu, ƙirare a can sama, ka kunna daga sama. Ta haka wutar tana kusa da bututan tun farko, tana ɗumama su, gas ɗin da na ƙasa ke saki kuma dole ya ratsa harshen wuta. Makullin iska a buɗe gaba ɗaya. In wutar na nauyin tashi ka bar ƙofa a ɗan sassauce na 'yan mintuna, kana tsaye a wurin, sannan ka rufe.

Ka sami ma'aunin zafi mai maganaɗisu ka manna a bututun hayaƙi, kimanin santimita 45 sama da murhu, in bututun mai bango ɗaya ne. Kada ka taɓa makulli sai fuskar kowane faskare ta yi baƙi kuma allurar ta kai wajen digiri 200. Wannan kan ɗauki minti 15 zuwa 30. Daga nan ka mayar da iska rabi, ka jira minti biyar, ka mayar da ita kashi ɗaya cikin huɗu. Abin da ke faruwa a wannan lokacin shi ne, da ka matse ƙofar iskar ƙasa, zuƙar bututun hayaƙi sai ta koma jan iska ta cikin bututan sama. Za ka ga harsunan wuta sirara suna fitowa daga hujin, suna birgima a ƙarƙashin rufin, wani lokaci ma ba su haɗe da itacen ba. In suka ɓace hayaƙi ya turnuƙe, ka wuce gona da iri, ka koma matakin baya.

Bayan awa biyu ko uku wutar saman za ta mutu da kanta domin gas ya ƙare, saura garwashi. Wannan ba lalacewa ba ne. In za ka ƙara itace, ka jawo garwashin gaba kusa da mashigar iska, ka zuba aƙalla guda uku, ka buɗe iska duka, ka sake bin matakan daga farko. Gungume ɗaya tilo a kan garwashi hayaƙi kawai zai yi, domin babu ɗan'uwansa da zai mayar masa da zafi.

Tambaya: Itacena ya shekara a ajiye, amma in na sa shi sai ya riƙa tsuwa yana fitar da kumfa ta bakinsa, wutar sama kuma ta ƙi tsayawa. Shekara ba ta isa ba?

Amsa: Tsuwar da kumfar sun riga sun ba ka amsa. Abin dubawa shi ne yadda aka ajiye shi, ba yawan watanni ba. Gungumen da ba a faskara ba, da ɓawonsa, yana iya shekara biyu cikinsa na jiƙe.

Ɗanyen itace kan kai rabinsa ruwa. Murhu mai ƙuna ta biyu yana son laima ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Ka yi lissafi: lodin kilo 10 mai laima kashi 40 yana ɗauke da lita huɗu na ruwa, kowace lita kuma tana cin fiye da rabin kilowat-awa kafin ta zama tururi. Asarar zafin ma da sauƙi. Babbar illar ita ce tururin yana gauraya da gas ɗin ya tsinka shi, ya riƙe ɗakin wuta ƙasa da digiri 600, sai a rasa wutar sama baki ɗaya. Shi ya sa bambancin kashi 18 da kashi 28 ya fi yadda lissafi ke nunawa nesa ba kusa ba.

Ma'aunin laima mai allura biyu shi ne mafita, amma da yawa ba su iya amfani da shi ba. Ana shigo da faskaren ɗaki ya kwana sanyin jikinsa ya fita, a sake faskara shi biyu, a soka alluran a tsakiyar sabuwar fuskar, a bin tsawon jijiyar itacen. Wanda ya auna fatar waje zai ga kashi 15 ya yi murna, ciki kuwa 30 ne. In babu ma'auni, ka yanko ɗan guntu ka ɗora a sikeli, ka busar da shi a tandar gashi (obin) a wajen digiri 105 har nauyinsa ya daina raguwa. Giram 500 da ya koma 400 yana nufin laima kashi 20.

A faskara shi kaurin santimita 8 zuwa 15, a ɗaga shi daga ƙasa, a jera inda iska ke ratsawa, a rufe samansa kawai. Wanda ya lulluɓe tarin da leda har ƙasa ya kulle ruwan ne a ciki. A ƙasashe masu sanyi itace mai sauƙi kan bushe cikin wata shida zuwa shekara, mai tauri kuwa har shekara biyu.

Tambaya: Nawa babba ne, mai fanka da ke tura iska mai ɗumi ɗakuna, kuma na'urar daidaita zafi ce ke buɗe masa iska ta rufe. Da dare nakan cika shi maƙil. Wani lokaci sai mu ji "fuf", ƙofa ta girgiza, hayaƙi ya feso. Mene ne wannan?

Amsa: Hajiya, wannan ba abin sakaci ba ne. Gida ya yi ɗumi, na'urar ta rufe iska, harshen wuta ya mutu, amma itacen yana nan da zafinsa yana ci gaba da sakin gas. Gas ɗin ya taru ya cika ɗakin wuta. Da iska ta ɗan shiga sai ya kama gaba ɗaya lokaci guda. Ƙarar da kike ji ke nan, kuma tana iya raba mahaɗin bututu in ba a ɗaure shi da sukurori ba. Kowane mahaɗi yana son sukurori uku.

Tushen matsalar shi ne lodin ya fi buƙatar gidan. Wutar itace ba a kashe ta a kunna yadda ake yi wa ta gas. Abin da kika zuba sai ya ƙone, ko da wuta ko da hayaƙi. Saboda haka yawan itacen ne ke daidaita zafi, ba makulli ba. A daren da sanyi bai yi tsanani ba ki zuba rabin lodi, ki bar shi ya ci da kyau, gidan ya riƙe ɗumin. A daren tsananin sanyi ki yi lodi aƙalla rabin awa kafin kwanciya, ki ga wutar sama ta tsaya da ƙafarta, sannan ki bar wa na'urar. A duba kuma cewa ko marufin iskar ya rufe akwai 'yar kafar da maƙera suka bari, kuma toka ba ta toshe ta ba.

Sai batun fanka. In tana tashi da wuri tana hura iska mai sanyi a bangon murhun tun bai yi zafi ba, tana sace zafin da ƙuna ta biyu ke jira. Akwai makunni mai jin zafi a akwatin da iska mai ɗumi ke taruwa a saman murhun, wanda ke tayar da ita. A saita shi yadda littafin murhun ya ce, kada a mayar da shi kan ci gaba da juyawa. In kuma lantarki ya ɗauke ana tsakiyar ci, fanka ta tsaya, zafi zai taru a wannan akwatin, sai a rufe iskar wuta nan take.

Tambaya: Ni mai walda ne. Ina da tsohon murhu, akwatin ƙarfe ne kawai da ƙofa da bututu. Ina so in saka masa bututan iska da kaina. Wane irin ƙarfe, huji nawa?

Amsa: Malam, bututan su ne na ƙarshe a jerin aikin, ko da yake su kowa ke fara tambaya. Tsohon akwatin ƙarfe an yi shi ne ya zubar da zafi ta kowane gefe, kai kuma kana son ɗakin da zai riƙe digiri 600. Wanda ya saka bututai a akwatin da ba a lulluɓe ba, huji kawai ya ƙara wa murhunsa.

Ka fara da toshe kafofi. Ka maƙale guntun takarda a ƙofa ka rufe ka ja. In ta zare babu gardama, igiyar da ke toshe gefen ƙofar ta mutu, a canja ta da sabuwa mai kauri ɗaya. Ka bi duk gefunan haka, har da ƙofar toka, wadda ita ce ta fi yoyo, iskarta kuma ta ƙarƙashin itace take bi tana hanzarta sakin gas fiye da yadda sama za ta iya ƙonawa.

Sannan ka jera bulo mai jure wuta a ƙasa da bango. Sai rufin ciki, wato allon da ke hana wuta miƙewa kai tsaye zuwa bututun hayaƙi. Allon bamikulait (wani ma'adini mai jure wuta) mai kaurin santimita biyu da rabi ya fi farantin ƙarfe, domin shi riƙe zafi yake yi, ƙarfe kuwa watsawa yake yi kuma ya lanƙwashe. Allon ya manne da bangon baya da gefuna biyu, a bar rata a gaba kawai, don hayaƙi ya zo gaba, ya juya, ya koma baya ta samansa. Wannan zagayen ne ke ba gas ɗin lokacin ƙonewa. Faɗin ratar kada ya gaza bakin bututun hayaƙi. Bututu mai santimita 15 yana da faɗin fili kusan santimita murabba'i 177, don haka a murhu mai faɗin santimita 40 ratar ba za ta gaza huɗu da rabi ba. Mu dai shida za mu bari, in ba haka ba duk buɗe ƙofa hayaƙi zai bugo ka a fuska.

Yanzu iska. Dole ta yi zafi kafin ta isa hujin. Ka shigo da ita ta ƙasan murhu, ta hau cikin bututu mai kusurwa huɗu, kamar santimita 5 a kowane gefe, wanda ke cikin ɗakin wuta a jikin bangon baya, har sama. Daga nan ta rarrabu cikin bututai uku ko huɗu da ke kwance daf da ƙarƙashin allon. Su zama na ƙarfen da ba ya tsatsa, lamba 304, ko 310 in ka samu don ya fi jure zafi. Baƙin ƙarfe zai yi ɓawo ya lotse. Mai rufin tutiya kuwa kada ka kusance shi, hayaƙinsa na sa zazzaɓi.

Game da huji, jimillar faɗinsu kada ta wuce faɗin cikin bututun, in ba haka ba na farko-farko za su shanye iskar, na ƙarshe su zauna banza. Bututu mai milimita 20 a ciki yana da milimita murabba'i 314, hujin milimita 4 kuma yana da kusan 12 da rabi. Ka ga 25 ne iyaka, 20 ya fi. Ƙananan huji na feso iska da ƙarfi ta cakuɗa da gas, manya kuwa zubo ta kawai suke yi. Su kalli gaba, su ɗan sunkuya ƙasa. Kuma kada ka yi wa bututun walda a bakinsa biyu: mai tsawon santimita 40 zai ƙaru da kusan milimita 4 in ya kai digiri 600. Ka zura shi a gurbi ka tare da fil, ka ga in ya lalace ma zare shi kawai za ka yi. Ka sa wa mashigar iskar ɗan marufi mai zamewa don gwaji. Kowane kilo na busasshen itace yana buƙatar kusan mita kubik 5 na iska a lissafi, a aikace kuma ninki ɗaya da rabi zuwa biyu. Abin da ya wuce haka zafi kawai yake kwashewa waje.

Mu faɗa maka gaskiya: murhun da aka gyara haka samansa da bututunsa kan fi da zafi, sai a sake duba tazararsu da katako da rufi. A ƙasashe da dama taɓa tsarin murhu yana soke shaidar ingancinsa, kamfanin inshora kuma na iya ƙin biya in gobara ta tashi. In ƙarfen ya riga ya yi siriri ko ya tsage, aikin bai cancanta ba.

Tambaya: Itace busasshe, murhu sabo, amma wutar sama raunana ce, sai na sassauta ƙofa take tashi.

Amsa: Ka dubi bututun hayaƙi. Iskar bututan sama ba fanka ke tura ta ba, zuƙar bututun hayaƙi ce ke jawo ta. Yawancin waɗannan murahu suna son zuƙa ta faskal (ma'aunin matsin iska) 10 zuwa 15 lokacin da wuta ta kankama, ana auna ta da na'urar auna matsin iska, manomita, ta ɗan huji a bututun kusa da murhu.

Abubuwan da ke kashe zuƙa sanannu ne. Bututu ya gaza mita huɗu da rabi. Ko yana bin bangon waje babu lulluɓi, hayaƙin ya huce a hanya. Ko murhu mai baki santimita 15 an jona shi da ƙaton ramin bulo, inda maganin shi ne a zura bututun ƙarfe mai lulluɓi daidai da bakin murhun. Gwiwa mai digiri 90 kada ta wuce biyu, inda bututun ya kwanta kuma ya riƙa hawa santimita 2 a kowace mita. Kansa ya ɗara inda ya huda rufi da santimita 90, ya kuma ɗara duk abin da ke cikin mita uku da shi da santimita 60. Kafin ka kashe kuɗi, ka buɗe taga kusa da murhun. In wutar ta farfaɗo, gidan ne ba ya samun iska, ko fankar kicin na janye ta, sai a jawo wa murhun iska daga waje.

Akasin haka ma matsala ce. Dogon bututu a tsananin sanyi kan zuƙe gas ɗin kafin ya ƙone, wuta ta ƙi jin makulli, ƙarfe ya yi ja. Nan marufin rage zuƙa ake sawa, in maƙeran murhun sun yarda da shi.

Tambaya: Nawa ba shi da bututai, wani faifai ne mai ramuka a sama, da hannun da ake ja. Yaushe ake jan hannun?

Amsa: Naka mai katalis ne. Faifan na tangaran ne ko ƙarfe, mai ramuka irin na saƙar zuma, an shafe shi da filatinam ko faladiyam, waɗanda ke sa hayaƙi ya kama tun a wajen digiri 260 maimakon 600. Shi ya sa irinsa ya fi iya cin wuta a hankali na dogon lokaci. Hannun kuma na ƙofar kewaye ne, wadda ke barin hayaƙi ya wuce ba tare da ya ratsa faifan ba. Tana buɗe lokacin kunnawa da duk lokacin da za ka buɗe ƙofar murhu. Kana rufe ta ne bayan ma'aunin da ke bayan faifan ya haura 260 kuma sabon lodi ya kama sosai. In ka rufe da wuri kwalta za ta toshe ramukan. In tururin jiƙaƙƙen itace ya bugi faifan yana da zafi zai tsattsage. Itace mai fenti, roba, takarda mai sheƙi da itacen da ya sha ruwan gishiri duk suna kashe shi. Ana share tokarsa da burushi mai laushi in ya huce, ban da na waya.

Tambaya: Ta yaya zan tabbatar abin yana aiki, kuma in yana aiki har yanzu sai na share bututu?

Amsa: Ka fita waje bayan rabin awa da yin lodi ka ɗaga kai. In ba ka ga komai ba sai rawar zafi, ko farin tururin da ke ɓacewa kusa da bakin bututun, yana aiki. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ko ruwan toka da ke jan jela nesa, wannan itacenka ne ke tafiya. A ciki kuma bulo ya kamata ya zama fari ko ruwan ƙasa, gilashi ya ɗan yi hazo kawai, ma'aunin bututu yana tsakanin digiri 120 da 245 muddin akwai harshen wuta.

Shara kuwa babu makawa, domin kowace kunnawa tana da mintunan hayaƙinta. Ka duba bututun kowane wata a lokacin sanyin farko har ka san halin murhunka. Garin kunkunniya mai laushi burushi zai fitar. In kaurin abin da ya manne ya kai milimita 3 a share, in kuma baƙi ne mai ƙyalli da tauri a kira masu aikin, domin shi ne ke kamawa ya haura digiri 1000 a cikin bututu. Ka bar tokar santimita biyu ko uku a ƙasan murhu tana riƙe wa garwashi zafi, sauran ka kwashe a bokitin ƙarfe mai murfi ka fitar waje nesa da bango. Ka kuma sa na'urar gargaɗin kabon monoksaid, wata iska mai guba, kusa da ɗakunan kwana, domin garwashin ƙarshen dare shi ya fi fitar da wannan iskar, a daidai lokacin da bututu ya huce zuƙarsa ta ragu, ita kuwa ba ta da launi ba ta da wari.